Yadda za ka sayi kwamfuta ta hannu ba a yi maka kitso da ƙwarƙwata ba

Bara da damina ɗan yayata ya shigo gidana da jakar laftof a kafaɗa, bakinsa har kunne. Uwarsa ce ta kwashi adashe, ta haɗa da kuɗin ragon da ta sayar, don yaro ya samu abin rubuta furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe. Ya ajiye jakar a gabana ya ce, "Kawu, Core i7 ce, Landan-yus, mai shagon ya ce tana yin awa biyar ba a sa mata caji ba." Na buɗe ta. Jikinta fes, an goge ta da mai har tana ɗaukar ido, ga sitikar i7 a kusa da kibod. Na shiga na duba cikakkiyar lambar furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta tunani da lissafi, sai na ga i7-2620M, ƙirar 2011 ke nan. Na zare caja na ajiye agogo. Ba ta cika minti 25 ba ta ɗauke.

Washegari muka koma shagon. Mai shagon ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya ce, "Alhaji, ni i7 na ce masa, kuma ga ta nan i7 ce. Maganar batir kuma, ai kayan hannu ne, yadda suka zo haka muke sayarwa." Na ce yaro ya ɗauko rasit. Abin da aka rubuta a ciki layi ɗaya ne: laftof guda 1, an biya. Babu lambar jiki, babu ƙarnin furosesa, wato zubin zamanin da aka ƙera ta, babu maganar awa biyar.

Tun daga ranar na ƙara yarda da abin da na daɗe ina faɗa wa masu neman in raka su kasuwa. Yawancin ha'incin da ake yi a wannan harka ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Rabin gaskiya ake faɗa maka, a bar ka ka ƙarasa sauran da zatonka. Maganinsa abu biyu ne: ka sa na'urar ta faɗi abin da ke cikinta da kanta, sannan duk abin da mai sayarwa ya faɗa da baki ya sauka a takarda.

Ba ina hana sayen na hannu ba ne. Tsohuwar laftof irin ThinkPad ta Lenovo ko EliteBook ta HP ko Latitude ta Dell da wani kamfani a ƙetare ya yi aiki da ita shekara uku ya sauke, sau da yawa ta fi sabuwar laftof mai araha ƙarko nesa ba kusa ba. Kuma a layin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja inda kaya da yawa ke fitowa, akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su nuna maka tabon da kai ba ka ma gani ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kayan hannu ba ya rasa aibu. Laifin shi ne a ɓoye aibun, a karɓi kuɗin mai lafiya.

Kafin ka bar gida

Ka rubuta aikin da za ka yi da ita. Mai buga takardu da shiga intanet daban, mai zanen gini da AutoCAD ko haɗa bidiyo daban. Wanda ya shiga kasuwa yana cewa "mai kyau nake so" ya riga ya miƙa wuya, duk abin da ya kwana a shago shi za a ɗora masa.

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibi ko ma'aikacin ofis: furosesa Core i5 daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 5 na jerin 3000 zuwa sama, RAM 8GB, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, sai SSD 256GB, wato faifan ajiya mai sauri. Akwai dalilin da ya sa na ce ƙarni na 8. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11, in ka cire 'yan ƙalilan, daga ƙarni na 8 na Intel take farawa a hukumance. Ana iya cusa ta da dabara a kan tsohuwar na'ura, kuma masu shago suna yin haka, don haka ganin Windows 11 a sikirin ba shaida ba ce cewa kwamfutar ta zamani ce.

Ka sa manhaja biyu a filash: CPU-Z mai karanta furosesa, da CrystalDiskInfo mai duba lafiyar faifai. Kyauta ne, kuma duka suna da nau'in da ke tashi daga filash ba sai an girka ba. Ka ƙara bidiyo guda mai tsawo, ka tafi da abin sauraro na kunne da data a wayarka. Ka je da hantsi, lokacin da akwai haske kuma babu mai hanzarin rufe shago. Cinikin goshin magariba ya cuci mutane da yawa.

Idan ka isa, za ka haɗu da 'yan kayi-nayi tun daga bakin titi. Ba dukkansu ne macuta ba, neman abinci suke. Amma wanda ba shi da shago ba shi da inda za ka same shi gobe, kuma la'adarsa a kanka za ta hau. Ka shiga shago mai lamba, ka yi magana da mai kayan.

Abin da "Landan-yus" ke nufi da abin da ba ya nufi

Landan-yus, tokumbo, Beljiyam, "gireda A", "ofis-yus", "kamar sabuwa": babu wata hukuma da ke raba waɗannan sunaye, bakin mai sayarwa ne kawai. Abin da ake so ka fahimta shi ne ba a taɓa aiki da ita a ƙasar nan ba, ba ta sha zafi da ƙura da wutar janareta ba, kuma babu mai gyaran da ya taɓa buɗe ta. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma ta yi shekara biyu a hannun wani a unguwarku, aka canza mata riga aka sa a leda.

Ka juya ta ka dubi kusoshin ƙasa. Idan kawunansu sun cinye, ko wasu sun ɓace, ko launinsu ya bambanta, an sha buɗe ta. Ka leƙa ramin fanka da fitilar waya, jar ƙurar hunturu ba daga Ingila take zuwa ba. Kibod ma yana magana: na Ingila yana da alamar £ a kan lamba 3 da maɓallin Enter mai tsayi, na Amurka yana da # a wurin da Enter a kwance, na Faransa kuwa, wanda aka fi gani a Nijar, haruffansa na sama da AZERTY suke farawa. Wanda ya zo daga Amurka ba aibu ba ne ko kaɗan. Amma idan mutum ya rantse maka daga Landan ta zo alhali kibod ya ƙaryata shi, ka san irin nauyin da za ka ba sauran maganarsa.

Ka fara da BIOS, kada ka fara da Windows

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne kuɗi ke ɓacewa.

Mai shago zai miƙo maka ita a kunne, ya buɗe maka shafin bayanin na'ura a Windows ya ce, "Ga shi nan, duba da kanka." Ka karɓa, ka kashe ta gaba ɗaya, ka sake kunnawa, ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar kanta da ake shiga kafin Windows ta tashi. A HP maɓallin F10 ne, a Dell F2, a ThinkPad F1, kana dannawa da zarar ta fara tashi. Dalili shi ne sunan furosesa da Windows ke nunawa a wannan shafin rubutu ne kawai da ke ajiye a cikin rajistarta, kuma mai wayo yana iya shiga ya canza shi, ya mayar da i3 ta koma i7 a ido. BIOS ba ta bin wannan rubutun, haka ma CPU-Z, wadda ke tambayar furosesar kai tsaye. Sitika kuwa ana sayar da ita a kasuwar kamar alewa.

Idan BIOS ta tambaye ka kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ajiye ta. Kada ka yarda da "ai ba ya hana ta aiki." Ranar da Windows ta lalace kake son sake girkawa daga filash, ranar za ka san yana hanawa.

Da ka shiga, abu uku za ka karanta. Na farko lambar jiki. Dell tana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi 7 ne, HP da Lenovo suna kiranta Serial Number. Ka gwada wadda ke BIOS da wadda aka buga a ƙasan kwamfutar. Idan sun saba, to ko dai an canza allon ciki, ko an canza riga, ko an harhaɗa gawa biyu aka tayar da ɗaya. Ba lallai ta zama marar amfani ba, amma ba ita ce wadda "ba a taɓa buɗewa ba", kuma farashinta ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki wayarka ka shiga shafin kamfanin, ka sa lambar a wurin duba garanti. Zai nuna maka samfurin da lokacin da garantinta ya fara, a Dell har da kayan da ta fito da su daga masana'anta. Minti biyu ne, kuma daga nan ka san shekarunta.

Na biyu cikakkiyar lambar furosesa. "i7" shi kaɗai kamar a ce maka mota Toyota ce, ba a faɗi shekara ba. Ka dubi lambobin da ke bayan ɗan layin. Idan huɗu ne irin su 3320M ko 6300U ko 8250U, lambar farko ita ce ƙarni: na 3, na 6, na 8. Daga ƙarni na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7, wato na 10 da na 11. Idan lambobi uku ne kacal kamar i5-520M, ƙarni na farko ne, kakar kakanni. Ƙarni na 3 ya fito a 2012, na 8 na laftof ya fara a 2017, na 11 a 2020. Kuma ka riƙe wannan da kyau: i5-8250U tana da ƙwaƙwalwa huɗu, i7-7500U biyu gare ta, saboda haka wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi duk da sunan. Idan ka ga Celeron ko Atom, ka san ta ƙaramin aiki ce, komai kyan jikinta.

Na uku yawan RAM. Ka rubuta abin da ka gani, za ka gwada shi da abin da Windows za ta faɗa.

Kafin ka fita, HP da Dell suna da gwajin lafiya nasu na ciki. A HP ka danna Esc sannan F2, a Dell F12 sannan ka zaɓi Diagnostics. Ka bar gajeren gwajin ya gudu yayin da kake duba jikinta. Idan ya fitar da lambar kuskure a kan faifai ko RAM, ciniki ya ƙare.

Ma'ajiya da "girafik"

Yanzu bar ta ta shiga Windows. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Za ka ga RAM da gurbi nawa ta cike, ka ga kuma ko faifan SSD ne ko HDD, wato tsohon samfuri mai juyawa. Bambancinsu a wurin aiki kamar na mai babur da mai ƙafa ne, kuma HDD ba ya jure faɗuwa ko girgizar Adaidaita. Ka kula da ƙananan laftof masu 32GB ko 64GB da ake kira SSD. Yawanci eMMC ne, an manne shi a allo, ba ya sauri, ba a kuma canza shi.

A nan zan yi wa masu shago adalci. Idan an ce maka 256GB ka ga 238, ko 512 ka ga 476, ko 1TB ka ga 931, ba a cuce ka ba, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows. Na ga mutum ya tara wa mai shago jama'a a kan wannan, alhali batirin da ya kumbura a gabansa bai ko kalla ba.

Buɗe CrystalDiskInfo daga filash ɗinka. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja mutuwa. Ruwan ɗorawa ma kada ka karɓa sai an canza faifan a gabanka. Ka duba Power On Hours, yawan awannin da faifan ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce. Idan an ce maka "wata mata ce ta ɗan yi amfani da ita wata shida" ka ga awa 20,000, lissafin bai haɗu ba. Idan kuma ka ga awa 10 a cikin kwamfuta mai shekara bakwai, an sa sabon faifai ne, sai ka dubi sunansa. Akwai SSD marasa suna masu arha da ba sa daɗewa, har da na jabu masu nuna girman da ba su da shi.

Sai maganar "tana da girafik 4GB" ko "8GB". A wannan shafin na Performance ka danna GPU. Akwai Dedicated GPU memory, akwai Shared GPU memory. Na biyun aro ne daga RAM ɗinka, kowace kwamfuta tana da shi, ba abin da za a ƙara maka kuɗi a kai ba ne. Idan sunan da ka gani Intel HD ko UHD ne kawai, babu NVIDIA babu katin AMD na daban, to ba ta da katin zane nata na kanta.

Batir da caja

A ƙasar da wuta ke zuwa ta ga dama, batir rabin kwamfuta ne, shi ya sa aka fi yin ƙarya a kansa. "Tana yin awa huɗu zuwa biyar" ta zama kamar gaisuwa.

Buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin rubuta umarni na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai gaya maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Lambobi biyu kake nema: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yau. Idan na farko 48,000 ne na biyu 24,000, rabin batir ake sayar maka. Ni dai idan ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, sai in cire kuɗin sabon batir daga farashi kafin mu ci gaba da magana.

Amma batirin jabu yakan ba da rahoton ƙarya, saboda haka gani ya kori ji. Zare caja, ƙure hasken sikirin, kunna bidiyon da ka zo da shi, ka duba agogo. Ka bar shi minti 20 aƙalla kana sauran dube-dubenka. Idan ya ci kashi 10, kana iya sa ran awa uku da ɗoriya. Idan ya ci kashi 30, da ƙyar ta wuce awa ɗaya. Mafi sharri shi ne wanda ke sauka a hankali har kashi 50 ko 40 sannan ya ɗauke ɗif, wannan sai a gida za ka kama shi, shi ya sa kwanakin gwaji suke da muhimmanci. Ka shafa wurin linzamin yatsa da tafin hannunka. Idan ya taso ko ba ya dannuwa, batir ya kumbura a ƙarƙashinsa, kuma wannan haɗarin gobara ne.

Caja ma ana wasa da ita. A gwada maka da ta asali, a sa maka ta jabu a jaka. Ka riƙe wadda aka gwada da ita, kada ta bar idonka. Ta asali tana da nauyi, rubutunta a fili yake, kuma ƙarfinta, 45W ko 65W ko 90W, ya dace da abin da kwamfutar ke bukata. A Dell, BIOS tana nuna ƙarfin cajar da aka jona, idan ta ce ba ta gane ta ba, batir zai iya ƙin caji kuma na'urar ta rage gudu.

Sauran jiki

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Sa farin hoto ya cika sikirin, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko layi ko farin tabo. Duba Display a Settings ka ga ko 1920 x 1080 ce ko 1366 x 768, domin ana kiran ta biyun "HD" a karɓi kuɗin ta farkon. Buɗe murfin ka rufe sau biyar kana sauraron ƙara a gaɓoɓinsa. Soka filash a kowane rami. Gwada kyamara, sifika, makirufo da Wi-Fi. Sa hannu a bakin fanka bayan bidiyon ya ɗan yi nisa: iska mai ɗumi daidai ne, amma kukan fanka ba iska, ko zafin da hannu ba ya jurewa, zai ninka a watan Afrilu. A Command Prompt kuma ka rubuta slmgr /xpr, zai faɗa maka ko lasisin Windows na dindindin ne ko irin wanda ke ƙarewa bayan kwana 180.

Makullin da ba a gani, da kayan sata

Kamfanoni da makarantu a ƙetare sukan yi wa kwamfutocinsu rajista ta yadda duk ranar da aka wanke su, wato aka goge komai aka sake girka Windows, aka jona intanet, sai su nemi shiga da asusun kamfanin. Idan aka sayar ba a cire rajistar ba, mai shago yakan girka Windows ba tare da intanet ba, ta yi aiki lafiya lau a hannunka wata da watanni, sai ranar da ka wanke ta ta kulle. Ka duba Accounts a Settings, sashen Access work or school, ka ga ko akwai sunan wata ma'aikata. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a wanke ta a gabanka, a bi matakan farko tana jone da intanet. Yana cin lokaci, amma idan kuɗin da yawa ne, ka zauna.

A MacBook abin ya fi tsanani. Na 2018 zuwa sama suna da Activation Lock: idan mai ita na farko bai cire asusunsa na Apple ba, kana iya wayar gari da allon ƙarfe mai tsada. Kada ka sayi MacBook sai an goge ta gaba ɗaya a gabanka, ta tashi da intanet ba ta nemi asusun kowa ba, ba ta kuma nuna shafin Remote Management ba. Ka kuma kula da Chromebook da aka cusa wa Windows ake sayarwa a matsayin laftof ta gaske, za ka gane ta da ƙaramar ma'ajiya da kibod marar maɓallin Windows.

Idan kwamfuta ta zo da hotunan wasu mutane da takardunsu a ciki, babu caja, farashi ya faɗi warwas, mai sayarwa kuma yana waige-waige, ka tafi abinka. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma idan aka biyo sawu a hannunka za a same ta.

Rasit

Duk abin da ka gano yanzu makaminka ne na ciniki: batir kashi 60, tabo a sikirin, caja ba ta asali ba, kowanne da kuɗinsa. Idan an sallama, kada ka tura kuɗi sai an rubuta. Rasit mai sunan shago da lambarsa da kwanan wata, a ciki a sa samfurin kwamfutar, lambar jiki, cikakkiyar lambar furosesa, RAM, nau'in faifai da girmansa, awannin batir da aka yi alkawari, da kwanakin garanti. Ka tambaya a fili: idan ta ba da matsala, kuɗi za a mayar ko canji za a yi? A rubuta amsar. Mai gaskiya ba ya jin nauyin rubuta abin da ya faɗa. Idan ka ji "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce, "Na yarda, Malam, rubutun don mantuwa ne." Ka tura kuɗin ta asusun da sunansa ya dace da shagon ko mai shi, ka ɗauki hoton shafin BIOS, kuma kada ka bari a shiga da ita ciki "a sa maka a kwali." A gabanka za a naɗe ta.

Kwanakin garantin nan, uku ne ko bakwai, ka wahalar da ita. Cika batir ka sauke shi har ƙasa sau biyu, cika faifan da manyan fayiloli ka sake buɗe su, bar ta a kunne yini guda.

Wanda zai saya ta Jiji ko Facebook ko WhatsApp kuwa, ba a cinikin biri a sama. Ka nemi a yi kiran bidiyo, a kashe ta a shiga BIOS kana kallo, a nuna lambar jiki da rahoton batir. Ka adana hoton tallan da duk hirarku kafin a goge. Idan garinku ɗaya, ku haɗu a shagon mai gyaran da ka sani. Idan daga wani gari ne, ka sa wani naka ya je ya duba kafin kuɗi su fita, domin "turo kuɗin mota in sa maka a tasha" ta raba mutane da yawa da kuɗinsu.

Idan an riga an cuce ka

Kada ka kai ta wurin wani mai gyara ya buɗe, da ka yi haka ka ba mai shago hujja. Ka koma da wuri, da rasit da hotuna da mutum ɗaya mai natsuwa, ka yi magana ba zagi. Idan ya ƙi, kusan kowace kasuwa tana da ƙungiya da shugabanni masu sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa yana jin kunyarsu fiye da yadda yake jin taka. Idan Musulmi ne, ba laifi a tuna masa hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malaman fiƙihu kuma sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibun da aka ɓoye masa.

Doka ma tana nan. Dokar kare masu sayayya ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta siffanta kaya da abin da ba su da shi, ta kuma wajabta a bayyana idan kaya na hannu ne ko an yi musu kwaskwarima. Ana shigar da ƙorafi a shafin hukumar, jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu sayayya, bayan su kuma akwai kotu. Sai dai duk inda ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne me aka rubuta.

Mu a namu lamarin babu rubutu, don haka wurin dattawan kasuwar muka je. Sun saurari kowa, suka ce maganar i7 ba su da abin kamawa, amma awa biyar da minti 25 ba su haɗa hanya ba, kuma yaron shagon ya amsa cewa an faɗi hakan. Aka yanke a karɓi kwamfutar a ba mu wata mu cika kuɗi. Na zauna a kan benci da filash ɗina na duba guda uku, ta ukun i5-8250U ce mai batir kashi 81, ita muka ɗauka. Cikon kuɗin daga aljihuna ya fita, kuma sai da na sa aka cika rasit ɗin layi bakwai kafin mu tashi.